Yadda magoya baya za su farfaɗo da cinikin mujallar ranar wasa ta kulob ɗinsu

Ranar 19 ga Fabrairun 1958, kwana goma sha uku bayan haɗarin jirgin sama na Munich da ya hallaka 'yan wasan Manchester United da dama, ƙungiyar ta karɓi baƙuncin Sheffield Wednesday a kofin FA. Waɗanda suka sayi mujallar wasan a ƙofar Old Trafford sun buɗe shafin jerin 'yan wasa, suka tarar da sunayen baƙi goma sha ɗaya a jere, ɓangaren masu gida kuwa wayam, ba suna ko ɗaya. Lokacin da aka kai aikin maɗaba'a babu wanda ya san waɗanda za su iya sa riga su shiga fili. Sai da aka sanar da sunayen, mai alƙalami ya cike guraben da hannunsa. United ta ci 3-0, kuma har yau masu tara kayan tarihin ƙwallo suna neman wannan 'yar mujalla ruwa a jallo.

Ita ce abin da Turawan Ingila ke kira furogiram: ɗan littafin da kulob ke bugawa don wasa guda, a sayar a bakin fili kafin a take leda. Asalinta kati ne guda mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da inda kowa zai tsaya, don ɗan kallo ya gane wane ne wane a zamanin da babu lamba a bayan riga. A hankali ta yi kauri. Chelsea ta fara tata tun shekarar da aka kafa ta, 1905, Aston Villa ta biyo baya da tata a 1906, Everton da Liverpool kuwa, duk hamayyar da ke tsakaninsu, mujalla ɗaya suka riƙa bugawa tare daga 1904 har zuwa 1935. A 2013 an yi gwanjon kwafin wasan ƙarshe na kofin FA na 1882, tsakanin Old Etonians da Blackburn Rovers, a kan fam 35,250.

To amma tarihi ba ya biyan kuɗin bugu. A watan Yunin 2018 ƙungiyoyi 72 na EFL, wato rukunai uku da ke ƙasa da Firimiya, suka kaɗa ƙuri'ar cire dokar da ta wajabta wa kowane kulob buga mujalla a kowane wasan gida. Daga ranar ta zama ganin dama. Bayan shekara biyu annobar korona ta rufe filaye, aka yi ta buga wasa ba 'yan kallo, mutane suka yi watanni ba su miƙa hannu sun karɓi mujalla ba, wasu kuma ba su koma ga al'adar ba har yau. Duk kulob ɗin da akawunsa ya ga mujalla na cin kuɗi ba ta dawo da su, yana da damar ya rufe ta a taro ɗaya, kuma ba wanda zai tuhume shi.

A irin wannan lokaci ne magoya baya kan tashi da kururuwa a Facebook, a yi ta cewa al'ada ce, gadon iyaye ce, kada a taɓa ta. Ka tambayi masu kururuwar yaushe rabonsu da saye, sai ka ji shiru. Ƙaunar nan da gaske ake yin ta, sai dai ba ta isa aljihu ba, kuma duk aikin da ke gabanku shi ne ku gajarta tazarar da ke tsakanin zuciyar mai goyon baya da hannunsa. Ga yadda za a bi.

Matakin farko: ku ƙirga kafin ku ce komai

Kada ku fara da shawarar sabon bango ko rage farashi. Ku fara da littafin lissafi. Ku nemi mutum uku ko huɗu daga cikinku waɗanda ba sa fashin wasan gida, ku roƙi kulob alƙaluma huɗu na kowane wasa a kakar da ta wuce: kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar, nawa aka raba kyauta, 'yan kallo nawa suka shiga. Na ukun nan shi aka fi mantawa, kuma nan ɓarakar take. Ana ba 'yan jarida, ana ba alƙalan wasa, ana zubawa a ɗakin manyan baƙi, ana ba 'yan wasan ƙungiyoyin biyu, kowane jami'i ya ɗauki biyu ya kai gida. Sai ka ga an rubuta cewa an buga dubu, alhali waɗanda suka isa hannun 'yan talla ba su wuce ɗari bakwai ba.

In kun samu alƙaluman, ku raba adadin da aka sayar da adadin 'yan kallo. Abin da ya fito shi ne ma'auninku: cikin kowane mutum ɗari da suka shiga fili, nawa suka saya. Wannan ya fi jimillar ciniki faɗin gaskiya, domin ranar wasan hamayya ciniki kan tashi don cikar fili kawai, ba don mujallar ta yi kyau ba. Ku jera ma'aunin wasa bayan wasa, ku rubuta a gefe ko ranar Asabar ce da rana ko daren Talata, ko an yi ruwa, ko ƙungiyar na kan ganiyarta ko tana jan ƙafa a ƙasan teburi. Bayan wasa goma za ku fara ganin abin da ido kawai ba zai nuna muku ba. Kulob da ke rukunin EFL yana da wasan lig 23 a gida kowace kaka, na Firimiya 19, saboda haka kaka guda ta isa ta ba ku hoto sosai.

Sai lissafin uwar kuɗi. Bari in kawo misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce bugun kwafi 1,000 da tsara shafuka sun ci fam 1,200, ana sayar da kowane kwafi fam 3. Sai an sayar da 400 kafin a mayar da abin da aka kashe. In 'yan talla na karɓar kamasho na kashi goma cikin ɗari, fam 2.70 ke dawowa daga kowane kwafi, adadin ya haura zuwa 445. In kuma tallace-tallacen da ke cikin mujallar sun kawo fam 600, abin da ya rage a nema fam 600 ne, wato kwafi 223. Ku sa naku alƙaluman a wannan gurbi. Wannan lamba ta ƙarshe, adadin da in an sayar ba riba ba faɗuwa, ita ce za ku riƙe a ka, ita za ku faɗa wa sauran magoya baya. "Ku taimaka ku sayi mujalla" magana ce da ke shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. "Saura mutum sittin a kowane wasa mujallar nan ta tsaya da ƙafarta" kuwa kowa zai ga kansa a cikin sittin ɗin.

Mataki na biyu: ku zauna da masu abin

Mujalla ta kulob ce, tambarin da ke bangonta na kulob ne, hotunan wasa kuma suna da masu su. Wasu ƙungiyoyi su ke haɗa ta da kansu, sau da yawa jami'in yaɗa labarai guda ɗaya da ke fama da ayyuka goma. Wasu sun ba kamfanin waje kwangila, shi ya buga, shi ya sayar, ya ba kulob kasonsa. Ku san wanne ne naku kafin ku nemi zama, don kada ku je kuna roƙon wanda ba shi da wuƙa ba shi da nama. Ku tafi da takarda shafi guda: ga alƙaluma, ga abubuwa uku da za mu ɗauke muku, ga wasa shida da muke so a ba mu na gwaji. Zuwa da tayin aiki ya fi zuwa da ƙorafi buɗe ƙofa.

Mataki na uku: abin da ke ciki

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancin mujallu suka mutu tun kafin a daina buga su.

A da mutum na saye ne don ya san waɗanda za su buga. Yau wannan aiki ya bar hannun takarda. Ana kai mujalla maɗaba'a kwana biyu ko uku kafin wasa, sunayen 'yan wasa goma sha ɗaya kuwa ba sa fitowa sai ana dab da farawa. A Firimiya, tun kakar 2024/25, minti 75 kafin take leda ake sanar da su, kuma cikin daƙiƙa suke isa kowace waya. Haka teburin gasa, haka sakamakon makon jiya, haka labarin wanda ya ji rauni. Duk shafin da kuka cika da abin da waya ta riga ta faɗa, kun biya kuɗin bugun tsohon labari ne. Ku ɗauki kwafin da ya fito na ƙarshe da jan biro, ku bi shafi-shafi kuna tambaya: wannan, akwai shi a intanet kyauta? Duk inda amsar ta zama e, ku ja layi. Abin da ya tsira daga jan biron shi ne ainihin abin da kuke sayarwa, kuma kada ku yi mamaki in kun ga bai kai shafi huɗu ba.

Me za a zuba a guraben? Abin da sai ɗan gida ke da shi. Akwai dattijon da ya shekara hamsin yana zama a kujera ɗaya, ya ga saukar ƙungiya da hawanta. Ku zauna da shi rabin awa da na'urar ɗaukar murya. Akwai mai kula da ciyawar fili, da mai wanke riguna, da direban motar 'yan wasa, kowannensu da labarin da ba a taɓa tambayarsa ba. Akwai tsohon ɗan wasan da ya zura ƙwallon da har yanzu ake zancensa, wanda yanzu ba a san inda yake ba. Ku nemo shi. Akwai ƙungiyar matasa da ta mata, waɗanda ba kasafai jaridu ke waiwayarsu ba. Ku lura da wani abu game da waɗannan: duk yaron da sunansa da hotonsa suka fito, gidansu kaɗai za su sayi kwafi biyar, uwa ta ajiye, kaka ta ajiye, a aika wa kawu. Sai dai kafin a buga hoton yaro, a nemi izinin iyayensa a rubuce.

Jawabin koci da ke shafin farko al'ada ce mai daɗewa, kuma a yawancin mujallu shi ne shafin da ya fi kowanne lami. "Mun ji takaicin sakamakon makon jiya, muna maraba da baƙinmu, muna roƙon goyon bayanku." Kowa ya san ba shi ya rubuta ba. Ku roƙi a ba ɗayanku minti goma da shi bayan atisaye, a yi masa tambaya ɗaya tak mai nama: me ya sa ka cire wane a minti na sittin, me ka gani daga kan benci da mu ba mu gani ba? Amsa ɗaya ta gaskiya ta fi sakin layi biyar na gaisuwa.

Sannan ku bar wa magoya baya shafi su yi magana, har da suka, in dai ba zagi ba ne. A shekarun 1980 magoya baya a Ingila suka fara buga nasu mujallu na barkwanci da caccaka suna sayarwa a bakin filaye, kuma abin da ya ba su kasuwa shi ne mujallar kulob ta zama kamar sanarwar ofis, komai lafiya lau ko da an sha kashi biyar da nema. Kulob ba zai yarda a yi masa tsirara a takardarsa ba, wannan gaskiya ne, amma tsakanin tsirara da yabon da ba mai yarda da shi akwai fili mai faɗi.

Abu na ƙarshe a nan, kuma a ganina shi ya fi tasiri: ku ba mutum dalilin sayen ta gaba. Labari mai ci gaba kashi-kashi, tarihin wata kaka da ake bi wasa bayan wasa, hoton da aka yanka gida-gida a shafin tsakiya wanda sai an haɗa kwafi huɗu yake cika, kacici-kacici ga yara da amsarsa ke fitowa a wasa na gaba. Dabarar ba sabuwa ba ce. Shekaru da dama ƙungiyoyin Ingila, ciki har da Manchester United, suna buga wata 'yar alama a cikin mujalla wadda ake yankewa a liƙa a takarda, wanda ya tara da yawa shi ke da fifiko wajen samun tikitin babban wasa. Mutane sun yi ta saye ba fashi saboda wannan. Yau ana iya ɗaura alamar a kan wani abu daban: wanda ya tara goma ya samu rangwame a kantin kulob, ko ya shiga sahun waɗanda za su kalli atisaye.

Mataki na huɗu: bango, girma da bugu

Daga nisan taku biyar mai wucewa ke yanke hukunci, kuma bango kawai yake gani. Hoton ɗan wasa yana gudu da ƙwallo, wanda aka yi sau dubu, ba ya tsayar da kowa. Ku nemi mai zane daga cikin magoya baya, kusan kowane kulob yana da su, ku ba shi bangon kaka guda ya yi da salo ɗaya, yadda in an jera su za su zama kamar 'yan uwa. Sunan abokan karawa, kwanan wata, gasa da farashi su fito ɓaro-ɓaro, domin wanda ya sayi mujalla don tunawa da ranar, wannan layin ya saya.

Girman A5, wato milimita 148 da 210, yana shiga aljihun riga, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai tsaya minti casa'in yana tafi da tsalle. Mujallar da ake ɗinkewa da waya a tsakiya shafukanta huɗu-huɗu suke tafiya, 24, 28, 32, saboda haka in za ku rage ko ku ƙara, da huɗu za ku yi. Hotuna su kasance masu ƙarfin ɗigo 300 a kowane inci, kada a kwaso na intanet a manna, za su fito dishi-dishi. A kuma bar rarar milimita uku a gefen kowane shafi saboda yanka. In adadinku 'yan ɗaruruwa ne, bugun dijital ya fi araha kuma yana ba ku damar canza adadi daga wasa zuwa wasa; in kun kai dubbai, babban injin da ke aiki da faranti ya fi sauƙi a kan kowane kwafi. Ku karɓi farashi daga maɗaba'a uku, ku yi cinikin kaka sukutum, ba wasa ɗaya-ɗaya ba.

Gara shafi 24 da aka cika da abin karantawa da shafi 64 da rabinsu talla ne. Kuma a samu mutum biyu su karanta kafin a tura. Sunan ɗan wasa da aka rubuta ba daidai ba, a mujallar kulob ɗinsa, abin kunya ne da ba ya gogewa.

Mataki na biyar: awa ɗaya kafin take leda

Duk wahalar mako a wannan awa take cin riba ko ta faɗi. Na taɓa tsayawa talla a wani ƙaramin kulob, ranar da aka wuni ana yayyafi. Aka ba ni kwali na ajiye a ƙasa kusa da bango, bayan ƙofar shiga, daidai inda mutum ke fitowa daga layi hannu ɗaya riƙe da tikiti, ɗaya da lema, idonsa na kan matakala yana neman kujerarsa. Mutum na uku da ya tsaya ya miƙo mini takardar kuɗi babba, ba ni da canji, ya ce bari ya dawo, bai dawo ba. Kafin a busa usur ƙasan kwalin ya jiƙe, kwafi ashirin na ƙasa sun manne da juna kamar an shafa musu gam. Ban sayar da rabin abin da aka ba ni ba, kuma babu ko ɗaya daga cikin dalilan da ya shafi abin da aka rubuta a ciki.

Darasin farko, wurin tsayuwa. Mutum na saye ne a inda ƙafarsa ta riga ta tsaya ko ta rage sauri: a layin shiga kafin ƙofa, ba bayanta ba, a bakin wurin ajiye motoci, a hanyar da ta taso daga tashar jirgi ko ta bas, kusa da layin masu sayen abin sha. Ku zagaya filin a wasa ɗaya ba tare da kun sayar da komai ba, ku tsaya ku kalli inda jama'a ke taruwa, ku zana taswira. In wurin a wajen harabar kulob yake, ku tambaya ko ana bukatar izinin hukuma kafin a yi talla a kan titi.

Na biyu, a ga mai talla kuma a ji shi. Riga mai haske, kwafi ɗaya a ɗage sama da kai, farashi a rubuce da manyan lambobi a ƙirji. Kiran ma ya faɗi abin da ke ciki. "Mujalla, mujalla" ba ta motsa kowa. "Hira da gwarzon wasan ƙarshe, yau kaɗai" tana juyo da kai. Ku zaɓi masu fara'a da baki, ba wanda zai jingina da bango yana latsa waya ba.

Na uku, biyan kuɗi. Farashi ya zama lamba dunƙulalliya wadda ba ta bukatar canji mai yawa, kowane mai talla ya fito da canjinsa a jaka tun daga ofis. Sannan na'urar karɓar kati. Filin Tottenham da aka buɗe a 2019 ba a karɓar tsabar kuɗi a cikinsa sam, wasu filaye da yawa sun bi sahu, mutane sun saba fitowa kallon ƙwallo ba ko sisi a aljihu. Mai tallan da ba shi da na'ura yana kallon masu son saye suna wucewa. Ku gwada na'urar a daidai wurin da za a tsaya, a lokacin da fili ya cika, domin sabis kan yi rauni in dubban wayoyi sun taru wuri guda.

Kada ku manta da ƙofar baƙi. Wanda ya yi tafiyar awa huɗu don ya ga ƙungiyarsa a filin da bai taɓa zuwa ba ya fi ɗan gida son abin da zai koma da shi. A Ingila har ƙungiya ce da su, ta waɗanda suka kalli wasa a duk filaye 92 na manyan rukunai huɗu, an kafa ta tun 1978, kuma irin waɗannan mutane mujalla ce shaidar zuwansu. Ku ba baƙi shafi biyu na mutunci a ciki, wanda wani daga cikin magoya bayansu ya rubuta in zai yiwu, ku sanar da su tun ana saura kwana biyu.

In an tafi hutun rabin lokaci, mutum biyu su bi layukan kujeru. In an tashi kuma ƙungiya ta yi nasara, ku tsaya a ƙofar fita minti goma. Wanda ya ƙi saye da ƙarfe biyu yana iya nema da ƙarfe biyar in ya ga abin da ba zai so ya manta ba. Leda kuma, ko akwatin roba mai murfi, kada a fita ba su.

Mataki na shida: ku sayar tun kafin ranar

Kwafin da aka biya kuɗinsa tun farkon kaka ba ruwansa da ruwan sama ko daren Talata. Ku roƙi kulob ya sa zaɓi a wurin sayen tikitin kaka: ƙara kaza, ka karɓi mujallarka a kowane wasa. Haka a wurin sayen tikitin wasa ɗaya ta intanet, akwati guda da za a latsa. Mutum na cikin biyan kuɗi, ƙarin kaɗan ba ya yi masa nauyi kamar ciro kuɗi a tsakiyar turmutsutsu. Sai a ware tebur guda na karɓa, da jerin sunaye.

Akwai kuma waɗanda suka yi ƙaura, da tsofaffin da ƙafa ta hana su zuwa, da magoya baya na ƙasashen waje. Waɗannan a aika musu ta gidan waya, ko dai bayan kowane wasa ko a tara na wata guda a ambulan ɗaya don rage kuɗin aikawa. Ku auna nauyin kwafi da ambulan kafin ku yanke farashi, don 'yan giram kaɗan na iya tsallakar da ku zuwa wani matakin kuɗi. Amfanin wannan duka ya wuce kuɗin da ke shigowa da wuri: yana gaya muku mafi ƙarancin adadin da za ku buga.

Mataki na bakwai: masu sa tallarsu a cikin mujalla

Ƙananan 'yan kasuwa da ke kewayen fili su ne abokan tafiyarku, kuma cinikin kaka ɗaya za ku yi da su, a biya kafin a fara. Ku je da kwafi a hannu da ainihin adadin da ake sayarwa, kada ku ƙara gishiri. Ku buɗe wa magoya baya ma ƙofa: ɗaukar nauyin rigar ɗan wasa da sunan mutum a ƙarƙashin hotonsa, saƙon taya murna, tunawa da wanda ya rasu. Ku dai duba yarjejeniyar kulob da manyan masu ɗaukar nauyinsa, kada ku karɓi tallan kishiyarsu.

Mataki na takwas: waya ta yi muku aiki

Ana saura kwana biyu ku saki hoton bango da layi uku daga hirar da ta fi daɗi, ku tsaya nan. Da safiyar wasa ku faɗi inda masu talla za su tsaya. In kulob na son fitar da kwafin intanet, ya bari sai bayan wasa da kwana ɗaya ko biyu, ko ya keɓe shi ga waɗanda suka biya. Wanda aka tura wa mujalla kyauta a waya da safe ba zai sayi ta takarda da rana ba.

Kwantai da wasan da aka ɗage

Komai iya lissafinku za a yi kwantai, kuma wata rana alƙalin wasa zai duba fili da safe ya ce ba za a buga ba, alhali kwalaye na jibge a ofis. Kada a zubar. Kwafin wasan da aka ɗage ana iya sayar da shi ranar da aka sake sa wasan, a saka takarda guda a ciki mai sabon kwanan wata da sabbin bayanai, a kuma ware kaɗan ba tare da takardar ba don masu tarawa, waɗanda ke son irin wannan fiye da yadda za ku zata. Sauran kwantai a ajiye a wuri busasshe, a kwance, nesa da rana. Kaɗan su tafi kantin kulob a kan rangwame bayan wata guda, ba washegari ba, don kada mutane su koyi jira. Wasu a kai makarantu da sashen yara na asibiti da sa hannun 'yan wasa. Daga kowane wasa kuma a cire kwafi ashirin masu kyau tun kafin a fita talla, a ƙarshen kaka a haɗa su jeri-jeri cikakku a sayar a dunƙule.

Bayan wasa shidan gwajin, ku koma wurin jami'in da kuka zauna da shi da wannan littafin lissafin, an ƙara masa layi shida: wanda aka buga, wanda aka sayar, wanda aka bayar, 'yan kallo, da abin da kowane mai talla ya sayar a wurin da ya tsaya. Wurin da ya kasa sau uku a jere a ɗauke shi a kai wani, adadin bugun wasa na bakwai kuma daga waɗannan layuka za a ciro shi.